Man Shanu a Cikin Garmaho

Ya tashi, Adama! Wallahi garmahon ya tashi! Jiya da hantsi na ɗora masa faifai, na sauke allura, sai ya buɗe maƙogwaro bayan shekara goma sha tara yana bebe, har akuyar Sahabi maƙwabcinmu ta tsinke igiya ta nufi bayan gari. Af, kin ga ko gaishe ki ban yi ba. Assalamu alaikum, ya sanyin idona, ya inuwar tsamiya a tsakar bazara, ya nonon safe da ba a surka ba, 'yar Fulanin Rawayya mai tafiyar barewa ko da jika a goye! Ina gajiya? Ina mutanen Tsafe? Yaya mai jego da jinjiri?

Na san Hauwa ce ke karanta miki wannan takarda. Ke Hauwa, ki karanta wa uwarki da baki, ki toshe kunnuwanki, ba da ke nake ba. In kin ga harafi ya karkace, ki tuna ubanki da furfurarsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma yatsun tela sun fi sabawa da almakashi.

Adama, kin tuna ranar da na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗauko sukuddireban keken ɗinkina na ce yau sai na ga cikin akwatin nan? A ranar kika ɗaure kaya kika ce Tsafe za ki, wai haihuwar Hauwa ta matso, alhali da sauran wata guda cur. Ga shi an haihu, an yi suna, an yi arba'in, har kwana goma sha biyu sun hau kai, ba ki dawo ba. Da farko na zaci sabon mijin nan naki ne ya riƙe ki, jikana Ibrahim, wanda ba shi da haƙori ko ɗaya, ko damin gero bai taɓa kawo miki ba. Yanzu kuwa na gane abin da ya kore ki.

Bari ki ji yadda aka yi. Kowace kusa na cire sai na zana mata gida da allin ɗinki a kan tabarma, na rubuta mata lamba, don kada in mayar da ƙafa a wurin kai. Ashe karatun tsufa yana da rana! Na wanke haƙoran ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da kananzir, na goge ƙahon da toka da lemon tsami har ina ganin gemuna a ciki. Sai gwangwanin da sifirin, wato ƙarfen nan mai juya faifai, yake naɗe a ciki ya ƙi buɗuwa. Na ɗauke shi na kai Gusau wurin Bawa mai gyaran agogo. Ya juya shi ya ce, "Baba Tela, wannan kumurci ne a naɗe, a cikin buhu ake buɗe shi, in ba haka ba ka koma Bungudu da ido ɗaya." Muka sa shi a buhu, muka ɓalle murfin, muna jiran ya zabura. Shiru. Ko motsi bai yi ba.

Sifirin bai karye ba, Adama. Lafiyarsa lau. Wani baƙin abu ne kamar danƙo ya manne shi, ya daskare. Bawa ya lakato ya kai hanci, ya ce, "Kai! Wa ya ba inji man shanu?" A gefe kuma ga guntun gashin zabuwa a maƙale. Wace ce a duk Bungudu take ɗiga mai da gashin zabuwa, in ba ke ba, hasken ɗakina? Na dubi Bawa na ce ni ne, ƙuruciya ce. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

A motar dawowa ni kaɗai nake murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala. Na tuna shekarar da jirgin ƙasa ya fara zuwa Gusau, na samo garmahon nan hannun wani akawu, tun a lokacin ma tsoho ne. Kina amarya, lallen ƙafarki bai gama goguwa ba. Da badujala ta fito daga ƙahon sai kika ruga bayan rumbu, kika leƙo da ido ɗaya kamar ɗan maraƙi, kina tambaya, "Malam, mutanen da ke ciki me suke ci?" Ke da kike shafa wa ƙwaryarki mai, ki shafa wa turmi in ya tsage, ki shafa wa fasona da damina da rani, yaya za ki ji akwati yana ƙara in ana murɗa hannunsa ki bar shi da ƙishi? Duk abin da kike ƙauna sai kin ba shi man shanu. To, ni da na sha shekara ashirin da shida ina ci, ina da bakin ƙara?

Shekara goma sha tara ana yi mini tsiya a kasuwa, wai Ɗantsoho mai ƙarfin hannu ya yi wa garmaho wani, ya yi ta murɗa hannunsa har ya kashe shi. Duk ranar da aka tayar da zancen sai in ga kin tashi kin shiga madafa. Ashe abin da ke cin ki ke nan, ke kaɗai! Haba, tauraruwar asubahina, a kan akwatin katako? Da garmaho ɗari ne, kika cika su duka da mai, da ban ɗaga miki murya ba. A bar maganar yadda gari ya san ta: ni na kashe, ni na tayar. Ke ma Hauwa, ki haɗiye abin da kika karanta.

Ki dawo, Adama. Gidan ya yi mini faɗi kamar rigar aro. Tuwo ba ya wucewa, fura ba ta da gardi, kaji ma sun raina ni. Faifai ɗaya tak na saurara na rufe akwatin da mayafinki, domin kiɗan da babu ke a gefe hayaniya ne kawai. Sahabi ya yi sallama sau uku yana roƙon a ƙara, na ce sai uwargida ta iso, hannunta ne zai yi masa wani a gaban jama'a. Ni kuwa naki ne tun ina da baƙin gashi, naki ne yau da hula ke ɓoye sanƙo, naki ne har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa. Mijinki na fari, Ɗantsoho Tela.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan fito da shi ƙofar gida. Ki hau motar safe. Ki zo da Hauwa da mijinta Mu'azu, ki goyo mini angon naki ya ga abin da ba zai iya ba. Ki gaya wa mutanen Tsafe, na aika Rawayya da Kekun Waje, kowa ya zo da tabarmarsa, mai kunne ya ji, kurma ma ya ga faifai yana juyawa!