Fim ɗin da ka bari cikin akwati

Zuwa ga ɗan hwarina,

Sallama da gaisuwa. Na san takardag ga ba ta iske ka, ƙasa ba ta karatu. Amma bakina ya yi nauyi, bari hannu shi gwada.

Gida lahiya. Matarka Rabi ta hita takaba, ta koma wurin iyayenta Jiratawa da jinjirin, haƙori biyu gare shi yanzu. Geron Tsibiri ya yi kyau bana. Tsoffin soji har yau suna zuwa rumharka neman ka ɗauke su hoton da ake liƙa ma takardun kwamandan gari, sai a hwaɗa musu sanƙarau ya ɗauke ka, su cire hula su juya.

Ka san yadda muke. Ɗan hwari ba a kiran sunanshi, ba a duban huskarshi. Kakarka ta goye ka, ni ko in ka shigo sai in duƙar da kai in kama tankaɗe. Kowa na yabona, wai ga mai kunya. To ga inda kunyar ta kai ni: ran addu'ar arba'in na ruhe ido in ga huskarka, ban same ta ba. Muryarka na nan, takunka na nan, huska babu. Wace irin uwa ce wannan? Wa zan hwaɗa ma?

Ka ɗauki rabin Maraɗi hoto, naka ko ɗaya ba a samu ba. Sai maigidanka Baba Lasisi, Bayaraben da ya koya maka aikin, ya aiko wai da sauran fim cikin akwatinka na ɗaukar hoto, ba a wanke ba. Na ce ko wani ya ɗauke ka ciki. Na yi lulluɓi na tahi wurinshi kamar mai zuwa kasuwa, ban gaya ma ubanka ba.

Ashe nan kake wuni! Ɗaki kamar kabari, tsumma a kowace kahwa, ga wari mai hawa kai. Fim ɗin cikin baƙin duhu Baba Lasisi ya wanke shi, ina jin motsin ruwa kawai. Da ya bushe ya kunna hitila mai jan gilashi, ya tsoma hwarar takarda cikin tasa yana rausaya ta a hankali. Ina ta roƙon Allah. Sai ga mutum na tasowa kamar daga gindin rijiya.

Ni ce. Ina sussuka, na ba da baya. Ta biyu ni ce, ina alwala. Duka ni ce, kuma ko ɗaya ban ɗago kai ba. Yaushe ka yi wannan? Kana tsaye kana jiran in waiwayo? Na gode Allah da ɗakin ke da duhu, Baba Lasisi bai ga idona ba.

A guda ɗaya rana na bayanka, inuwarka ta hwaɗo har bisa ƙahwata, ga kai, ga gwiwar hannu riƙe da akwati. Ita na amso. Iyakar abin da ni ke da shi ke nan, shi ma sai ubanka ya hita nike iya duba shi.

Ka yahe mini. Allah shi haskaka inda kake kwance.

Wadda kake ce ma Yaya,
uwarka.