Hajiya Mai Lemo

Litinin, 3 ga Maris

Dandalin manoma na intanet ya ɓace. Na buga adireshin da safe, sai ga farin shafi da tallan takalma, wai sunan na sayarwa ne. Duk amsoshin da na rubuta wa mutane tun da na bar koyarwa a kwalejin noma suna ciki. Auren mangwaro, ciwon saiwa, komai. Ban ajiye ko ɗaya ba, don na ɗauka abin da aka sa a intanet ya zauna ke nan.

Laraba, 5 ga Maris

Har yanzu takalma.

Asabar, 8 ga Maris

Hajiya, matata, tana tsakar gida tana kallon bidiyon Auta, ta ƙure murya. Auta ƙanena, wanda na biya wa jarrabawa ya faɗi, na sake biya ya sake faɗi. Yanzu shi ne "Likitan Bishiya". Yana tsugunawa gaban tukunyar shuka da hular malfa, dubban mutane na sa masa albarka. Rabin abin da yake faɗa a bakina ya tsinta, sauran rabin kuma ƙarya ne.

Na ce ta rage murya. Ta ce, "Malam, ƙaninka ne fa, ba ɗan adawa ba."

Idan tana kallonsa kwamfutata ba ta motsi. Ƙwallon jiran nan ya yi ta juyawa a allo. Akwatin wayfay ɗin ma ya san wanda ake yayi.

Talata, 11 ga Maris

Fitilar akwatin ta koma ja tun hantsi. Na kashe, na kunna, na ɗora shi kan kabad, na sauke. Na kira kamfanin, wata ta ce in kashe in kunna.

Hajiya ta tafi unguwa ta manta wayarta, ita kuma tana da data. Na ɗauka don in duba dandalin, sai na faɗa kan sabon bidiyon Auta. Wani bawan Allah ya tambaye shi a kan lemonsa da ganye ke rawaya yana zuba, Auta ya ce ya ƙara taki ya ƙara ruwa. Ruwa! Itacen da ruwa ke kashewa. Ban san lokacin da na rubuta a ƙasa ba: a tona gindin a shinshina ƙasar, in tana tsami saiwa ce ke ruɓa, a ɗauke ruwa, a buɗe mata ta sha iska. Na ƙara da cewa hula ba ta sa mutum ya zama likita.

Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ashe da sunanta ya fita. Da hotonta, wanda ta ɗauka da koren mayafi.

Auta ya kira ta da sassafe, ina jin dariyarsa daga inda nake zaune. "Matar Yaya, ashe kura muke kiwo a gida? Me hulata ta yi miki?" Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce masa, "Kaɗan ka gani, mijin wasa. Ka ci gaba da kashe wa mutane lemo."

 Ni kuwa ta zuba min shayi babu sukari.

Lahadi, 16 ga Maris

Mutane sun yi caa a ƙarƙashin maganar. Hajiya Allah ya ƙara basira. Hajiya gwandata fa. Hajiya ina kika yi karatu. Wani ma ya raɗa mata suna, Hajiya Mai Lemo. Matar da ta taɓa zuba wa fulawata ruwan wanki.

A dandali na yi shekara da shekaru ina rubutu da sunana da digirina, in mutum uku suka gode sai in ce yau an yi kasuwa. Ita layi huɗu, ba ma nata ba.

Tana karanto min su tana gyara ɗaurin ɗankwali. Na ce ta faɗa musu gaskiya. Ta ce, "In ce musu mijina ne ya saci wayata ya zagi ƙaninsa? In kana so yanzu zan rubuta." 

Alhamis, 20 ga Maris

An gyara wayfay. Na buɗe asusu da sunana, na sa Dakta a gaba, na amsa tambaya ɗaya a ƙarƙashin bidiyon Auta. Amsa mai kyau, da dalilai. Ba wanda ya tanka. Wani ya rubuta a ƙasana, "Bari mu jira Hajiya."

Juma'a, 21 ga Maris

Ban taɓa kwamfuta ba. Ciwon baya.

Litinin, 24 ga Maris

Mai lemon nan ya dawo da hoto. Sabon toho ya fito, ƙanana, kore shar. Ya ce mahaifinsa ne ya dasa itacen kafin ya rasu, ya yi wa Hajiya addu'a har da zuriyarta. Na ƙara girman hoton na daɗe ina kallo. Ya buɗe gindin daidai yadda ya kamata.

Bayan la'asar Hajiya ta ajiye min wayar kusa da tabarau ta shiga kicin. Tambayoyi sun taru. Wata mata farin ƙwaro ya rufe mata ganyen gwaiba, ta fara da, "Hajiya don Allah ki taimaka." Na gaya mata ta dama sabulu kaɗan a ruwa ta fesa da yamma, ta bi bayan ganyen sosai, ta turo hoto nan da mako.

Ta ce, "Na gode Hajiya."

Na rubuta, "Ba komai, 'yar uwa." Na wuce ta gaba.