Notin Birkin Motar Baba

Kankia, Litinin.

Zuwa ga ƙanena Kamalu,

Gaisuwa mai yawa. Ya damina, ya mutanen Kusada? Yayarka Salma na gaishe ka.

Na rubuto ne don bakina ba zai iya faɗin wannan magana a waya ba. Ranar da ka kawo a-kori-kurar Baba garejina, na yi ɓarna na rufe. Ka dai ga yadda Baba ya tsaya a kaina. Shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ranar kuwa har numfashinsa nake ji a ƙeyata. Don in nuna ƙwazo na zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi, na danne notin da ke riƙe birkin gaba. Sai na ji ya saki. Haƙoran ramin sun cinye.

Gyaran irin wannan rami iri biyu ne. Akwai 'yar waya murɗaɗɗiya da ake zurawa ta zama sababbin haƙora. Akwai kuma bututun ƙarfe mai haƙora ciki da waje, a faɗaɗa ramin a dasa shi. Rami mai zurfi irin wannan dogon bututu yake so, kuma sai an aika Katsina, kwana biyu. Ni a akwatina 'yar guntuwar waya ce kawai, ko rabin ramin ba ta kai ba. Na kasa buɗe baki in ce wa surukina ya bar motarsa. Da kuka tafi salla na zura ta, na ɗaure, na share hannu.

Don Allah ka ajiye motar nan. Kada ta ɗauki ko buhu ɗaya. Na riga na aika a sayo bututun.

Naka,
Abdulbaƙi.

*

Kusada, Asabar.

Zuwa ga mijin Yaya,

Muna amsawa. Da lafiya ce, da na tsokane ka har ka gaji: ƙaton bakanike, noti ɗaya ya sa shi rubutun wasiƙa. To ba lafiya ba.

Takardarka ta iso ni Talata. Na karanta, na naɗe, na sa a aljihu. In na ajiye mota Baba zai tambayi dalili, in na faɗa na kwance maka zani a gabansa. Na taka birki sau uku a ƙofar gida, na ji garau, na ce kai dai tsoro ne da kai.

Alhamis na ɗauko masu nono daga wajen Kaikai, mata shida. A gangara shanu suka fito titi. Na taka, wani abu ya ce ƙas a gaba, motar ta ja gefe, muka faɗa kwalbati. Biyar sun tashi da ƙujewa. Mairama, matar Bube, ta karye a hannu wuri biyu. Da nonon nan take ciyar da gida, don shanun mijinta saura uku.

Mutane na cewa tsautsayi. Bube har sannu ya zo yi mini, ya riƙe hannuna. Wallahi na gwammace ya mare ni. Ban faɗa wa kowa ba. Mi za mu yi?

Ƙanenka,
Kamalu.

*

Kankia, Lahadi.

Kamalu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bututun ya iso ranar Laraba, yana nan kan bencina, na kasa ko kallonsa. Kai kwana biyu ka yi shiru, ni sati uku. Laifin nawa ne, kuma kunya ta ishe ni.

Kai wa Baba takarduna duka, da wannan. Kada ka rage komai.

Abdulbaƙi.

*

Kusada, Litinin.

Abdulbaƙi,

Bayan sallama. Kamalu ya karanta mini. Kada ka zo gidana ba da haƙuri, ba hannuna ya karye ba.

Mai ɗori ya ce Mairama ba za ta ɗauki ƙwarya ba bana. Har yanzu mijinta na gode mana da muka kai ta wurin ɗori.

Gobe da hantsi ina jiran ka a mararrabar Kaikai, kai da Kamalu. Za mu shiga rugar su Bube tare, tunda motata ce. Amma ni ba zan ce uffan ba. Kai za ka faɗa wa Bube, da bakinka, Mairama na ji.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ummaru.