Inna, Haruna Ya Fito

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mana, na rubuto ne don in ba ki labarin da kika yi shekaru kina jira, amma ajalinki ya riga labarin zuwa. Inna, Haruna ya fito. Ranar Laraba ya yi sallama a zaurenmu na Kusfa.

Na san ba ki manta ranar da aka shigo da gawar Yaya Sani ba. Ya fita kai ɗinki wajen Ƙofar Galadima, wani mai turo rake daga ƙauye ya goge shi da baro, riga ta yage. Cacar baki ta kai su ga ture-ture, Yaya ya faɗi, ƙeyarsa ta bugi bakin kwalbati. Mai raken nan shi ne Haruna. Bai gudu ba. Shi ya tallabe kan Yaya yana kiran a kawo ruwa har aka zo aka kama shi.

Da kotu ta yanke masa hukuncin rataya, ni na yi hamdala. Ke kuwa kika ɗauki buta kika shige ɗaki.

Bayan kwana biyu mahaifiyarsa ta zo, tsohuwa da faso a ƙafa, ta durƙusa a tsakar gida. Na tashi zan kore ta, kika ce in shimfiɗa mata tabarma. Da ta tafi kika ce mini, "Rabi, ni rana ɗaya na rasa nawa. Ita kullum gari ya waye sai ta sake rasa nata."

Kika sa ƙanena Kabiru ya raka ki kotu, kika shaida musu kin yafe jinin ɗanki. Magatakarda ya yi miki bayani cikin ladabi cewa wannan shari'a ba ta iyalan mamaci ba ce, ta gwamnati ce, yafiyarki ba ta kwance igiya. Kabiru ya ce sai kika dubi mutumin kika tambaye shi ko gwamnati ce ta yi naƙudar Sani.

Daga nan kika shiga bin maganar, ke da ko bakin kasuwa ba ki cika zuwa ba. A wurinki na fara jin abubuwan da ban taɓa sani ba. Takardar da aka ce Haruna ya amsa laifi a ciki, da Turanci aka rubuta ta, ya dangwala yatsa bai san an rubuta wai da niyya ya kashe ba. Lauyan da aka ba shi, a barandar kotu suka fara ganin juna, ranar da za a shiga shari'a. Kafin danginsa su ji cewa akwai wani abu wai shi ɗaukaka ƙara, wa'adin yinsa ya wuce.

Kika gano kuma ba a rataye mutum sai gwamna ya sa hannu, su kuwa gwamnoni sau da yawa ba sa sa hannu, ba sa kuma saki. Sai a bar mutum a ɗakin masu jiran igiya, ba a gaya masa rana. Kin ce Haruna ya faɗa miki duk safiya in ya ji takun gandiroba da ƙarar makullai sai ya yi kalmar shahada, in takun ya wuce ya zauna jiran gobe.

Baffa Isa ya yi faɗa har ya daina shigo mana gida, yana cewa kin zubar da jinin ɗan ƙaninsa a banza. Mata a gidan biki suna nuna ki da baki. Duk da haka, duk wata sai kin daka ƙuli-ƙuli da yaji, kin ɗaure a ƙullin zane, kin bi motar safe zuwa garin da aka tsare shi, da ciwon gwiwarki da komai.

Wata lauya mai tausayi ta ce takardar yafiya za ta yi nauyi a gaban kwamitin afuwa in duk magada suka sa hannu. Matar Yaya ta sa, Kabiru ya sa. Ni na ƙi. Sau ɗaya kika tambaye ni, kika ce zuciya ba a yi mata dole. Har kika kwanta ciwon ajali ba ki sake tayar da zancen ba. Wannan shirun naki ya fi mini duka zafi. Ranar sadakar bakwai ɗinki na karɓi takardar a hannun Kabiru na sa hannu, ina kuka, ban ma san ko na yafe ɗin ba.

Aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Aka ƙara shafe shekaru, sannan afuwa ta biyo ta kansa.

Inna, da kin gan shi. Ya shiga yana saurayi, ya fito da furfura, yana tafiya a gefen bango kamar mai tsoron fili. Ya daɗe da jin rasuwarki, amma da Kabiru ya nuna masa ƙofar ɗakinki sai ya zube a ƙasa. Ya ce ran da kika fara zuwa ya ɗauka tsine masa za ki yi, sai ya ji kin ce, "Ɗan nan, suna ba ka abinci kuwa?"

Ina bayan labule ina ji. Na ɗebo ruwa a randa, na fito na ajiye a gabansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki yafe mini." Na ce, "Malam Haruna, na yafe. Sha ruwa." Wannan karon da gaske na faɗa.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki fiye da yadda kika yafe. Ya jiƙan Yaya Sani. Waɗanda har yanzu suke sauraren takun safiya, Allah Ya haɗa su da mai bin maganarsu. Amin.

Taki, mai kewarki kullum,
Rabi