Ribon ɗin da Na Ɗaure Miki Ƙafa da Shi

Yaya Ladi,

Ina gaishe ki. Na san ba za ki karanta takardar nan ba, amma maganar ta cika mini ciki, kuma a gidan nan da na ɗauko ta sai kowa ya tashi.

Muna Zuru yanzu, a gidan Kawu Dauda. Ƙauyenmu babu kowa. Wanda ya leƙa ya ce ciyawa ta shiga har ɗakinki. Baba yana nan da ransa, sai dai hannun da suka sara bai ƙara motsi ba. Ni nake ba shi tuwo a baki.

Kin tuna abin da muke yi da safen ranar da suka zo? Matan zumunta sun ba ki aikin shimfiɗar teburin coci don bikin godiyar girbi, doguwa siririya, wadda za ta ratsa tsakiyar tebur ta sauko gefe da gefe. Kika sayo ribon a kasuwar Dirin Daji, kore da ruwan gwal. Muka zauna gindin mangwaro. Kika jera dogayen a kan katako kika kafe su da fil, ni kuma ina cusa gajerun, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar saƙar tabarma. Kina ƙona bakin kowane ziri da kyandir don kada ya zare, kina ta yi mini faɗa wai ina ja da ƙarfi, saƙar tana tattarewa.

Muna cikin haka muka ji babura. Na ɗauka 'yan kasuwa ne. Ke kika fara ganin bindigogin. Kika ingiza ni cikin dawa, kika koma don Baba. Me ya sa ba ki bar ni na koma ba? Ba ke ce mai ɗa ba?

Ta tsakanin kara na ga komai. Sun cinna wa rumbuna wuta. Sun harbe maƙwabcinmu Ayuba a bakin rijiya, guga na hannunsa. Ɗaya ya ɗaga adda a kan Baba, kika riƙe wa mai addar riga da hannu biyu, sai na bayansa ya harbe ki a cinya. Yaro ne, Yaya, ko gemu bai tsiro masa ba. Dariya yake yi.

Da suka kora shanu suka wuce, na rarrafo wurinki. Jini yana tsartuwa. Na fizge ribon ɗin daga katako, fil suna soke mini yatsu, na ɗaure miki saman cinya na ja da haƙori. Santsi gare shi. Na ɗaure ya kwance, na sake ɗaurewa ya sake kwancewa. Ke kuwa tambayar ɗanki Bitrus kike yi, na ce yana gona, bai dawo ba. Wani mai babur ya yarda ya kai mu asibitin Zuru, muka sa ki a tsakiya. Ba mu yi rabin hanya ba na ji kanki ya yi nauyi a kafaɗata. Ban gaya masa ba. Na ce ya ƙara wuta.

Bana matan zumunta na nan suka kawo mini ribon, suka ce sun ji na iya saƙar. Na saƙa musu. Ta yi kyau, ba ta tattare ba. Ranar da aka shimfiɗa ta, fasto ya yi wa'azi a kan gafarta wa maƙiya. Na tashi na fita, ban koma ba har yau.

Ban yafe ba, Yaya. Na gwada, ban iya ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ki ji daga bakina. Bitrus ya tsira, ya ma fi Kawu tsayi yanzu. Ya shiga 'yan sa-kai, suna bin daji ta wajen Sakaba da bindigogin toka. Na san da kina nan, da kin tare ƙofa kin hana shi. Ni ban hana shi ba. Ranar da zai tafi ya tambaye ni kamannin wanda ya harbe ki. Na gaya masa: siriri, da tabo a kumatun hagu, haƙorinsa na gaba a karye. Ya sa na maimaita, na maimaita.

Tun da ya tafi ba mu ji muryarsa ba. Idan ya iso wurinki kafin ni, kada ki yi masa faɗa. Ki jira ni.

Ki huta lafiya, Yaya.

Ƙanwarki,
Saratu