Mijina Kurma Ne, Ba Kuskure Ba

Zuwa ga Babban Likitan asibitin dashen ciki da muka je a Abuja,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ni ce matar kurman nan daga Mubi. Sunansa Hamidu, tunda ba ka tambaya ba. Gyaran babur yake yi a unguwar Kolere. Mun yi shekara da shekaru ba haihuwa, shi ya sa muka zo wurinka bayan ƙaramar Sallah.

Na ɗaya. Da aka haɗa ƙwayayen haihuwarmu suka kama, ka ce akwai gwajin da zai nuna wanda zai gaji kurumta, a ware shi a zubar. Ba mu nemi gwajin ba. Kana faɗa kana murmushi, kamar mai tsince ruɓaɓɓen tumatir.

Na biyu, kuma shi ya fi ɓata mini rai. Ka ce in amince ni kaɗai, ba sai na wahalar da shi da bayani ba. Alhali yana zaune gabanka, yana kallon bakinka. Ya taɓa ni, ya tambaya da hannu me Likita ya ce. Na fassara masa duka, ban rage komai ba. Sannan ya nuna ƙirjinsa, ya tambaya: da a ce akwai gwajin nan a zamanin mahaifiyarsa, da shi ma shara za a kai shi? Na maida maka tambayar, sai ka duba agogo.

Na uku. Ban ce kurumta abu ce mai sauƙi ba. Na sha ganin ana masa tsawa, kamar tsawa za ta buɗe kunne. Amma yawancin wahalar mutane ne suke ɗora masa. Iyayen da suka zaɓi gwajin da saninsu, tsakaninsu da Allah. Kai kuwa a ɓoye ka so a yi.

Tun da muka dawo bai ƙara tayar da zancen haihuwa ba.

Roƙona, kada a gwada ko a zubar da ko ɗaya daga ƙwayayenmu da ke ajiye wurinku. Ku ɗauki wanda ya iya maganar hannu aiki. Kuma ka rubuto wa mijina ka ba shi haƙuri. Ya iya karatu, ba sai na fassara ba.

Allah ya ganar da kai, ya ba ka zuriyar da za ka so a yadda ta zo.

Wassalam.

Hauwa'u, matar Hamidu,
Mubi.