Naɗin Bahago a Wayar Fitila

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Tela maƙwabcina ne ke rubuta mini wannan, na kuma gaya masa kada ya gyara mini magana. Ya ce in buga maka waya mana. Ba na son jin muryarka, shi ya sa.

Ba zumunci ya sa na neme ka ba, mota ce. A-kori-kurata ta sami matsalar fitila. In na taka birki ta baya ba ta kamawa, sai ƙananan fitilun gaba su ɗan yi haske kamar garwashin da ya kusa mutuwa. In na sa sigina ta hagu, sai ta yi ta ƙiftawa da sauri. Ran nan na ɗauko siminti, na tsaya a mahaɗa, wani mai babur ya daki bayana. Bai mutu ba. Ya zage ni, na tsaya ina kallonsa har ya gaji.

Na kai wa masu gyara na bakin kasuwa. Suka leƙa ƙasa suka ce, wa ya yi wannan aikin, waya duk ja, an naɗe da robar tiyub? Wai sai dai a tsinke duka a sa sabuwa. Na ja motata na dawo gida.

Ka san wanda ya yi. Ɗana Bahago ne, wanda ka ɗauke mini daga kan mota ka koya masa aikin waya. Tun da aka binne shi ba wanda ya taɓa wayar nan. Ba ka zo jana'iza ba, ba ka zo gaisuwa ba. Ban tambaye ka dalili ba. Gaya mini inda cutar take kawai.

Ka huta lafiya.
Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma yi maka ta'aziyya, ko da ta makara. Allah ya jiƙan Bahago, ya ba ka haƙuri. Yaya, ranar da yaron ya biyo ni, kai ka ce kada in sake taka ƙofar gidanka. Ban taɓa saɓa maganarka ba, sai na rasa yadda zan fara a ranar da ka fi kowa baƙin ciki.

Maganar mota. Kada ka bari su tsinke komai. Fara da akwatin fis, yana ƙarƙashin sitiyari, ka zare su ɗaya bayan ɗaya ka ɗaga a rana, wanda ya ƙone za ka ga zarensa ya rabu. Sannan ka cire ƙwan fitilar baya ka duba. In duka lafiya lau, to wuta na zuwa, hanyar komawa ta rasa, shi ya sa take bin ɓarauniyar hanya tana fita ta fitilun gaba. Akwai wayar da ke tashi daga fitila a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, mu muna ce mata at. Ka kunna sigina, ka sami guntuwar waya, bakin ɗaya a gindin ƙwai, ɗayan a ƙarfe mai tsabta. In ƙiftawar ta daidaita, ka kama ɓarawon.

Robar tiyub kuwa, har na gaji da yi wa Bahago faɗa. In ce ga tef na naɗe waya, ya ce, “Kawu, tef na masu gaggawa ne.”

Kana cin abinci kuwa?

Ƙanenka mai biyayya,
Auta.

*

Auta,

Salama da gaisuwa. Abincina ba ruwanka.

Na ce kada ka taka ƙofata, na faɗa, ban musa ba. Amma tun kana yawo ba wando nake hana ka abu kana yi. Na hana ka hawan katanga ka hau, na hana ka taɓa rediyon Baba ka farke shi. Sai wannan kaɗai ka ga damar ji.

Fis lafiya. Ƙwai lafiya. Na sa guntuwar waya yadda ka ce, sigina ta koma tafiyarta daidai. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi, na bi wayar da yatsa har kusa da tayar hagu. Nan Bahago ya yi haɗi. Ya naɗe da roba, ya ƙulle bakin, ya yanke saura da haƙori, shaidar haƙorin tana nan. Wani koren abu na tsattsafowa ta gefe.

Na zare robar. Na kama wayar zan warware, ina murɗawa tana ƙara tamkewa. Na sake, haka. Tela ya miƙo mini almakashinsa ya ce in datse a huta. Na ce ya koma kan kekensa.

Ban datse ba, ban kuma fito ba. Na kwanta nan ina kallon ƙasan motar har inuwa ta juya. Ba kuka na yi ba. Mutane na ta ce mini in yi haƙuri, ni kuwa ban ji komai ba balle in haƙura. Ina tashi, ina sallah, ina ɗaukar kaya, ina saukewa. Ran da Bahago ya yi haɗin nan zazzaɓin ajalinsa ya riga ya kama shi, na ce ya bari sai ya warke, ya ce yanzu zai gama. Shi ne aikinsa na ƙarshe.

In babu hanya sai yanka, motar ta zauna. Na gaya wa mai siminti ya nemi wani.

Yayanka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ba sai an yanka ba. Ka manta da wane hannu yake aiki? Duk abin da Bahago ya murɗa, hagu ya murɗa shi. Yaran shagona har yau in suka ci karo da haɗin da ya ƙi warwaruwa, sai su ce Bahago ya biyo ta nan. Kai kana warwarewa irin ta mutane, shi ya sa kake ƙara ɗaure ta. Sa hannun hagu, ka bar hannun ya yi yadda ya ga dama.

In ta buɗe, koren nan ruwa ne da robar ta riƙe ya ci wayar. Kankare da wuƙa a hankali har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Ka kwance kusar da ke riƙe da ita a jikin mota, ka goge tsatsar wurin, ka mayar ka tamke. Wayarsa ce dai za ta ci gaba da aiki, ba a rage ko ɗan yatsa ba.

Wajen gwaji ba ka bukatar kowa. Tokare birki da guntun katako a jikin kujera, ka zagaya baya ka duba da idonka.

Kada ka ajiye motar, Yaya. In ka zauna a gidan nan kai kaɗai ba fita, ba motar ce za ta fara lalacewa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.
Auta.

*

Auta,

Salama. Ta warware da hagun. Na kankare, na mayar, na murɗa yadda ya murɗa, na naɗe da robarsa. Kada ka yi mini maganar tef.

Sigina daidai. Fitilun gaba sun daina haske in na taka. Ta birki ce ban sani ba. A da Bahago ke tsayawa a baya, in taka, ya buga bodi ya ce, “Ta kama, tsoho!” Na sa Tela ya tsaya, ya ce ta kama, alhali a lokacin ban ko mayar da kan batir ba.

Babu katako a gidan nan. Tela ya ce ga shi can jibge a tsakar gida. Na ce ya rubuta abin da na faɗa.

Motar na ƙofar gida, hancinta ciki, bayanta na kan titi. Wanda zai tsaya a baya ba sai ya taka ƙofata ba.

Ka gaida yara.
Yayanka.